JAWABI GA MALAMAI DA ALMAJIRAI A KAN SAMARI DA ZAMAN LAFIYA TSAKANIN MUSULMI DA KIRISTA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya halicci mutane daga uba guda, ya rarrabe harsunansu da launinsu, ya shimfiɗa musu ƙasa guda su zauna bisa kanta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Wannan shi ne jawabin da aka yi gaban malamai da almajirai a zauren jam'iyya bayan sallar La'asar. Mun rubuta shi domin wanda bai halarta ba ya karanta, ya kuma karanta wa na kusa da shi.

Amma ba'adu. Ya ku malamai iyayenmu, Allah ya gafarta muku, ya ku 'yan'uwana almajirai, ban tashi gabanku don na fi kowa sani ba, a cikinku akwai waɗanda na ɗauki karatu a gabansu. Abin da ya tashe ni magana ce guda, ita ce maganar samarinmu da samarin Kirista waɗanda mu ke zaune ƙasa ɗaya da su, musamman a Kaduna da Jos da garuruwan da ke kewaye da su. Ina roƙonku ku saurara har ƙarshe, sa'an nan wanda ya ga kuskure ya gyara mini, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

FASALI NA FARKO: WA KE ƊAUKAR ADDA

Ku sani, tun shekara ta 1987 wannan ƙasa ba ta daɗe ba tare da an zubar da jini da sunan addini ba. A watan Maris na wannan shekara fitina ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, tsakanin 'yan makaranta ta fara, kafin kwana kaɗan ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone majami'u da masallatai. A 1992 aka yi ta Zangon Kataf, asalinta gardama ce a kan ɗauke kasuwa daga wani wuri zuwa wani, amma da labari ya iso Kaduna sai ta sa rigar addini. A watan Fabrairu na 2000 aka yi ta Kaduna bisa maganar Shari'a, mutum fiye da 1,000 suka halaka. A watan Satumba na 2001 Jos ta kama, ta sake kamawa a 2008, ta kuma sake a 2010. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓe, aka kashe mutum fiye da 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa.

To, ina tambayarku, ya ku malamai: cikin dukan waɗannan, wa kuka gani bisa titi riƙe da adda da galan na fetur? Kun ga mai furfura? Kun ga attajiri, ko ɗan majalisa, ko ɗan wanda ya ba da kuɗin fetur ɗin? Ba ku gani ba. Wanda aka gani shi ne saurayi ɗan shekara goma sha bakwai, ɗan shekara ashirin, mai turin baro, da ɗan acaɓa, da ɗan makaranta, da almajiri. Shi ne ya sara, shi ne aka sara, shi ne soja suka harba, shi ne aka kai gidan kurkuku. Wanda ya zuga shi kuwa yana gida ƙofa a rufe, in an kwana biyu ma a gan shi yana cin abinci tare da wanda ya ce musu abokin gaba ne.

Saboda haka na ce, tun da da hannun samari a ke yin fitina, da hannunsu kuma za a kashe ta. Manya su kan taru a babban ɗaki su sa hannu a takarda, wannan abu ne mai kyau, ba mu raina shi ba. Tun 1999 akwai majalisar da ta haɗa shugabannin addinan nan biyu na Nijeriya duka, Sarkin Musulmi da shugaban haɗaɗɗiyar ƙungiyar Kirista su ke shugabancinta tare. Amma ran da aka ce ga shi an taso, ba takarda ke tsayawa a bakin unguwa ba, saurayi ne ke tsaye a wurin, abin da ke cikin zuciyarsa kuwa shi zai aikata.

FASALI NA BIYU: LABARIN SAMARI BIYU NA KADUNA

Bari in ba ku labarin mutum biyu waɗanda duniya ta san su, don gani ya kori ji. Ɗaya Muhammadu Ashafa, ɗan gidan malamai, wanda ya tashi cikin karatu da wa'azi, ya zama jigo cikin ƙungiyoyin samarin Musulmi na Kaduna. Ɗayan James Wuye, ɗan soja, wanda ya tashi a Kaduna shi ma, ya zama jigo cikin samarin Kirista. Kowane ɗayansu yana da yara masu jin maganarsa, kowane yana shirya su domin faɗa da na ɗayan, kowane kuma ya gaskata Allah ya ke bauta wa da wannan aiki.

Da fitinar 1992 ta zo, James ya rasa hannunsa na dama cikin faɗan. Ashafa kuwa aka kashe malaminsa wanda ya ke ɗaukar tarbiyya a wurinsa, tsoho ne, aka kuma kashe 'yan'uwansa biyu. Ku duba fa, wannan ba gabar da aka ji a bakin wani ba ce. Ɗaya in ya duba jikinsa ya ga dungu, ɗaya in ya tuna malaminsa ya tuna yadda aka yi masa. Shekara uku kowane na neman hanyar ramuwa.

A 1995 aka haɗu da su a wani taro a Kaduna, wani ɗan jarida wanda ya san su duka biyu ya kama hannunsu ya haɗa, ya nuna musu cewa zaman lafiyar garin nan yana hannun irinsu. Suka gaisa, baki na murmushi, ciki na tafasa. Da suka fara zama ma ba sulhu suka nufa ba, muƙabala suka nufa, kowane yana so ya kā da ɗan'uwansa gaban jama'a. Amma shirin muƙabala ya tilasta musu zuwa wurin juna, yau a haɗu, gobe a haɗu, har kowane ya fara ganin ashe wancan ma mutum ne, yana da uwa, yana da 'ya'ya, yana jin yunwa, yana jin tsoro.

Ashafa ya faɗa da bakinsa cewa abin da ya karya masa zuciya huɗuba ce ta Juma'a. Liman ya kawo labarin fitar Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, zuwa Ɗa'ifa, yadda aka sa yara da wawaye suka jefe shi har jini ya zuba, aka ba shi zaɓi a halaka su, ya ƙi, ya yi fatan alheri ga zuriyarsu. Ashafa ya yi kuka a sahu, ya fito da niyyar yafewa. Da mahaifiyar James ta kwanta ciwo, ya ɗebi abokansa suka tafi asibiti gaishe ta.

James kuwa bai sauko da wuri ba. Shi ma ya faɗa da bakinsa cewa shekaru suna tafiya tare, wani lokaci su kwana ɗaki ɗaya, in ya ga Ashafa ya yi barci sai zuciya ta riƙa raya masa ya danne shi da matashin kai, don hannunsa. Sai da wani babban malamin addininsu ya gaya masa ba ya yiwuwa mutum ya yi wa'azin Almasihu da ƙiyayya cikin zuciya, sa'an nan ya saki. Na kawo muku wannan don ku san gyaran zuciya ba aikin yini ɗaya ba ne, kada wani ya je zama sau ɗaya ya komo ya ce bai ga amfani ba.

Suka kafa zauren tattaunawa na samarin Musulmi da Kirista, wanda daga baya ya zama cibiyar sulhu tsakanin addinai a Kaduna. Aikinsu shi ne su nemo irin yaran da su da kansu suka kasance a dā, shugabannin samari na unguwa masu faɗa a ji, su tara su wuri ɗaya kwana da kwanaki, a bar kowane ɓangare ya faɗi abin da ya ke zargin ɗayan da shi, ba a ɓoye kome ba, sa'an nan a koma ga littafin kowa a ga abin da ya ce game da maƙwabci da rai da alkawari. Da ƙoƙarinsu, ran 22 ga Agusta 2002, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, shugabannin addini 22, rabi Musulmi rabi Kirista, suka sa hannu a takardar alkawarin zaman lafiya ta Kaduna. Da aka yi kashe-kashen Yelwa ta ƙasar Shendam a 2004, inda aka kashe Kirista cikin majami'a a watan Fabrairu, aka kashe ɗaruruwan Musulmi a watan Mayu, har Shugaba Obasanjo ya sa dokar ta-ɓaci a Jihar Filato, su ne suka yi ta kai da kawowa har mutanen wurin suka yi alkawarin sulhu a 2005. Ashafa bai bar limancinsa ba, James bai bar majami'arsa ba, ba wanda ya rage ko ƙwayar zarra daga abin da ya gaskata.

FASALI NA UKU: KOGIN DA YA RABA GARI

Yanzu ga abin da ya fi damuna, ina so malamai su dube shi da kyau. Waɗannan mutum biyu, ko da suka yi gaba, sun tashi a Kaduna ta dā, wadda a cikinta gidan haya ɗaya ya kan tara Bahaushe da Bayarabe da Bagwari da mutumin Kagoro. Mu da muka ga wannan zamani mun sani, ran Salla a kan kai wa maƙwabci Kirista nama, ran Kirsimeti ya aiko da shinkafa, har ya kan nemi Musulmi ya yanka masa kaza don maƙwabtansa su iya ci. Ba wanda ya kira wannan da wani suna, zama ne kawai.

Bayan 2000 mutane suka yi ƙaura, kowa ya nemi inda nasa suka fi yawa. Musulmi suka tattara arewacin kogi, Tudun Wada da Rigasa da Kawo da Unguwar Sarki. Kirista suka tattara kudu, Sabon Tasha da Narayi da Television da Gonin Gora. Haka Jos ta zama, Unguwar Rogo da Gangare wajen guda, Jenta Adamu da Unguwar Rukuba wajen guda. Ba na zargin wanda ya tashi, wanda aka ƙone wa gida sau biyu ba a ce masa ya zauna a yi na uku.

Amma ku lissafa. Yaron da aka haifa a shekarar nan ta 2000 yanzu ya wuce ashirin da biyar, wani ma ya yi aure ya haihu. Ya yi makarantar allo cikin nasa, ya yi ta boko cikin nasa, ya buga ƙwallo cikin nasa. Bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da Kirista ba, bai san sunan ko guda ba. Takwaransa na ƙetaren kogi shi ma haka, bai san Musulmi ba sai wanda a ke ba shi labari. To, mutumin da ba ka sani ba, duk abin da aka gaya maka a kansa sai ka yarda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan kuwa ba tsaga ba ce, kogi ne guda. Abin da iyaye suka samu kyauta ta hanyar maƙwabtaka, 'ya'ya ba za su same shi ba sai sun tashi takanas sun nema. Wannan shi ne dalilin da ya sa tattaunawar samari ta zama tilas yau, alhali kakanninmu ba su bukace ta ba.

FASALI NA HUƊU: MAS'ALA

In wani almajiri ya ce: Allah gafarta malam, ashe ba a hana mu jiɓintar waɗanda ba Musulmi ba? Zama da su da ziyartarsu ba zai kai mu ga cakuɗa addini ba? Sai mu ce masa: tambayarka tana bisa hanya, mai tsoron addininsa ba a yi masa dariya. Amma malamai sun rarrabe tsakanin jiɓinta cikin addini, watau son kafirci da taimakonsa a kan Musulunci, da kyautatawa da adalci cikin zaman duniya. Ka koma aya ta 8 cikin Suratul Mumtahana, za ka ga ba a hana kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba, bai kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. Ka koma aya ta 8 cikin Suratul Ma'ida, za ka ga ko ƙin mutane bai zama uzurin barin adalci gare su ba. Ka koma aya ta 46 cikin Suratul Ankabut, za ka ga yadda aka umurta a yi magana da Ma'abota Littafi.

Sa'an nan ka duba tarihin Annabi, za ka ga samari a cikinsa tun farko. Yana saurayi, tun ba a aiko shi ba, ya halarci ƙawancen nan da a ke kira Hilful Fuduli a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana. Dalilinsa wani baƙo ne mutumin Yaman ya sayar wa Asi ɗan Wa'ilu kaya, ya hana shi kuɗinsa, sai waɗansu gidajen Ƙuraishawa suka yi rantsuwa za su tsaya tare da duk wanda aka zalunta a Makka har a mayar masa da hakkinsa. Waɗanda suka ƙulla wannan ba Musulmi ba ne, duk da haka bayan Annabci ya yabe shi, ya nuna da za a kira shi ga irinsa cikin Musulunci da ya amsa.

Ka duba hijira zuwa Habasha. Sarkin Kirista ne, Najjashi, ya ba Musulmi mafaka sa'ad da danginsu suka kore su. Wanda ya yi magana da bakinsu gaban sarki da malaman majami'a saurayi ne, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib. Da Amru ɗan Asi ya so ya haɗa su da sarki, ya sa aka tambaye su abin da su ke faɗa game da Annabi Isa, Ja'afaru bai ɓoye ba, bai kuma yi zagi ba. Ya faɗi abin da Musulunci ya ce, a fili, cikin ladabi, sarki kuwa ya ƙara musu aminci. Wannan ita ce tattaunawar da mu ke nufi, ba wata ba.

Ka duba ranar Ɗa'ifa ɗin nan da ta sa Ashafa kuka. Sa'ad da Annabi ya fake a wata gona jini na zuba, wanda ya kawo masa inabi yaro ne Banasare mai suna Addasu, mutumin Ninawa. Ka duba kuma Nasaran Najrana da suka zo Madina, aka sauke su, aka yi magana da su cikin masallaci, ba su musulunta ba, aka rubuta musu amana suka koma.

A ƙasarmu ma ba baƙon abu ba ne. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sauki Baturen nan Clapperton a Sakkwato, ya yi ta tambayarsa game da ƙungiyoyin Nasara na dā, har baƙon ya rasa amsar waɗansu. A Tambutu kuma, cikin 1853 da 1854, Shehu Ahmadul Bakka'i na Kunta ya tsare ran matafiyin nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarimu, ya ƙi ba da shi ga masu neman a kore shi ko a kashe shi. Wa zai ce waɗannan ba su san addini ba?

FASALI NA BIYAR: ABIN DA AKA GANI DA IDO

Kada ku ce wannan labarin dā ne, ko na mutum biyu kaɗai. A watan Janairu na 2012, sa'ad da gwamnati ta janye tallafin man fetur jama'a suka fita tituna, kwana kaɗan ke nan bayan bam ɗin da aka sa a majami'ar Madalla ranar Kirsimeti, zukata duk a tsorace. Amma a Kano da Abuja an ga samarin Kirista sun riƙe hannun juna sun kewaye Musulmi har suka idar da salla, an kuma ga Musulmi sun tafi majami'u ran Lahadi don Kirista su yi ibadarsu hankali kwance. Me ya haɗa su? Tsadar mai ba ta tambayi sunan kowa ba.

Ran 23 ga Yuni 2018, a ƙauyen Nghar na ƙasar Barikin Ladi, 'yan bindiga suka koro mutane, yawancinsu Kirista. Liman Abubakar Abdullahi, yana da shekara 83, ya shigar da mutum 262 cikin masallaci da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Da aka tambaye shi, cikin abin da ya ambata har da cewa filin masallacin nan Kiristan wurin ne suka ba Musulmi, shekaru da yawa da suka wuce. Ku lura, ya ku samari: abin da ya yi da furfura, tun yana da ƙarfinsa aka shuka shi.

Ba kuwa zan ɓoye muku ɗaya gefen ba. Takardar Kaduna ta Agusta 2002 ba ta cika wata huɗu ba sai ga fitinar gasar sarauniyar kyau a watan Nuwamba, mutum fiye da 200 suka mutu. A watan Agusta na 2021 aka tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba cikin Jos, aka kashe fiye da 20. A watan Mayu na 2022 'yan makaranta suka kashe wata ɗaliba Kirista a wata kwaleji a Sakkwato bisa maganar da ta yi a WhatsApp, ba alƙali, ba shari'a, har fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da abin. Dukan waɗannan aikin samari ne. Watau aikin sulhu kamar noma ya ke, ba a yin shi shekara guda a ce an gama, kowace damina sai an koma gona.

FASALI NA SHIDA: ABIN DA MU KE ROƘO

Na farko, ga almajirai. Kowane ɗayanku ya san Kirista guda, sani na gaske, ya san sunansa da gidansu da sana'arsa, ya riƙe lambar wayarsa. In an yi masa rasuwa ka je, in ya kwanta ka gaishe shi. Hakkin maƙwabci bai faɗi don saɓanin addini ba.

Na biyu, ku fara da aiki kafin magana. Kwata ta toshe, ku yashe ta tare. Asibiti na neman jini, ku je tare. Ku haɗa ƙwallo, amma kada a yi Musulmi gefe guda Kirista gefe guda, a gauraya kowane ɓangare. Mutanen da suka yi gumi tare, maganarsu ta kan yi sauƙi.

Na uku, in an zauna magana a kiyaye sharuɗɗa. Ba a zagin abin da wani ya ke girmamawa. Ba a tilasta wa kowa ya halarci ibadar da ba tasa ba, ba a kuma haɗa salla da addu'ar majami'a a ce an yi sabon abu. Kowa ya faɗi addininsa da bakinsa, kada ka faɗa wa mutum abin da ya gaskata, ka tambaye shi. Wanda bai yi karatu ba kada ya shiga mas'alar da ta fi ƙarfinsa, ya ce zai tambayo. In sun kawo kukansu, kamar wahalar samun filin gina majami'a a waɗansu garuruwanmu, ku saurara kada ku katse, don ku ma kuna da naku kukan, na waɗanda aka tare a hanya da waɗanda a ke kira baƙi a garin da aka haifi kakanninsu, kuna kuwa so a saurare ku.

Na huɗu, maganar waya. Dā ji-ta-ji-ta da ƙafa ta ke tafiya, yanzu kafin ka ɗaura alwala ta kai Legas. A kan ɗauko hoton gawa na wata ƙasa ko na shekarun baya a sa a Facebook a ce yau ne, a nan ne. Kun karanta aya ta 6 cikin Suratul Hujurati, kun san abin da aka umurta game da bincika labari. In labari ya zo maka cewa an far wa naku a ƙetaren kogi, kafin ka tura wa kowa ka kira wannan abokin da ka riƙe lambarsa ka tambaye shi abin da idonsa ya gani. Wannan kira guda ya kan tsare rayukan da soja ɗari ba su tsare ba.

Na biyar, ga malamai iyayenmu, da ladabi na ke faɗa. Yaran nan amana ne a hannunku, abin da suka ji daga bakinku ba su tantama a kansa. Kun ji huɗuba guda ta kwance wa mutum gabar shekara uku, huɗuba guda kuma tana iya ƙone gari. Ku koya musu babin amana da alkawari da alfarmar jini kamar yadda ku ke koya musu babin tsarki. Ku gaya musu hukunci aikin alƙali ne, ba aikin taron titi ba. Ran da gari ya rikice ku tara almajiranku ku ƙidaya su, ku rufe ƙofa, kada ko guda ya fita. In saurayi ya zo neman izini zai je zama da samarin Kirista, kada ku kore shi, ku ba shi guzurin ilimi, in ya komo ku tambaye shi abin da ya ji.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafara. Allah ya shiryi samarinmu, ya tsare hannuwansu daga jinin bayinsa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marayun fitina mai riƙonsu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Tammat bi hamdillahi. Wanda wannan takarda ta shiga hannunsa, in ya gama ya miƙa wa wani.